Intanet A Tsakiyar Ruwa: Daga Tekun Atlantika Zuwa Tafkin Kainji

Akwai wani abin al'ajabi game da intanet wanda ba kasafai ake lura da shi ba. Sama da kashi 95 cikin 100 na bayanan da ke ƙetarawa daga nahiya zuwa nahiya suna bi ne ta wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, waɗanda kaurinsu a can cikin zurfi bai fi na tiyon ban-ruwan lambu ba. Saƙon da ɗalibi zai aika daga Zariya zuwa wata jami'a a Ingila sai ya gangara Legas, ya nutse cikin Tekun Atlantika, sa'annan ya ɓulla a ɗaya gefen. Mun ga zahirin haka a ranar 14 ga Maris, 2024, lokacin da huɗu daga cikin waɗannan wayoyi suka lalace a kusa da gaɓar Kwaddibuwa, harkokin bankuna da na ofisoshi suka tsaya cik a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma, har da tamu. Amma duk da haka, jirgin ruwan da ke shawagi a saman waɗannan wayoyi ba shi da hanyar ɗibar ko ɗigo guda daga abin da ke gudana a ƙarƙashinsa. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan.

Tambayar da nake so mu duba a wannan mako ita ce: ta yaya ake sadar da jirgin ruwan da ke cikin tafiya da intanet ba tare da yankewa ba? Na san wani zai ce mu da ke nesa da teku da ɗaruruwan kilomitoci, ina ruwanmu da wannan? Ya yi haƙuri ya biyo ni. Yauri da Warra da Patigi da Baga ba su da teku, amma suna da ruwa, kuma ruwan nan yana cin mutanenmu kusan kowace damina.

Mu fara daga bakin gaɓa. Wayar da ke hannunka tana magana ne da ƙarfen sabis mafi kusa da ita, kuma zangon rediyon da suke amfani da shi miƙaƙƙe yake tafiya kamar haske, alhali doron ƙasa a lanƙwashe yake. Saboda haka da zarar jirgi ya yi nisa, ruwan da kansa yakan zama tudu tsakaninsa da ƙarfen. Lissafin ba mai wahala ba ne. Ƙarfe mai tsawon mita 40 yana hango kimanin kilomita 26. Mutumin da ke tsaye a kwale-kwale da waya a kunne, mita biyu sama da ruwa, yana ƙara kilomita shida a kai. Jimilla ɗan sama da kilomita 30, idan komai ya tafi daidai. Shi ya sa abu na farko da masu sana'ar ke yi shi ne ɗaga eriya zuwa ƙololuwar jirgi, domin tsawo a nan ya fi ƙarfin na'ura amfani. Sai dai ba kasafai komai ke tafiya daidai ba. Kamfanonin sadarwa 'yan kasuwa ne, suna karkatar da eriyoyinsu ne zuwa inda masu sayen kati suke, wato gari da kasuwa da titi, su juya wa ruwa baya. Ga kuma wata halayya ta ruwa: madubi ne ga zangon rediyo. Saƙo ɗaya yakan iso wa eriya sau biyu, ɗaya kai tsaye, ɗaya bayan ya bugi fuskar ruwa ya dawo, kuma a wasu wurare biyun sukan kashe juna. Wannan ne dalilin da ya sa mutum zai ga sabis ya cika fal, a matsa gaba kaɗan ya ɓace, a ƙara matsawa ya dawo, ba tare da wani dutse ko gini ya shiga tsakani ba.

Ko da wannan gurguwar sadarwa ta bakin gaɓa, an ga abin da take iya yi wa talaka. Wani masanin tattalin arziki, Robert Jensen, ya bi diddigin masuntan jihar Kerala ta Indiya tsakanin 1997 da 2001, lokacin da wayar hannu ta fara isa yankunansu, ya kuma wallafa sakamakon a 2007. Kafin zuwan wayar, masunci kan kai kifinsa kasuwar da ya saba, idan ya tarar ta cika sai ya zubar, alhali wata kasuwar da ke gaba kaɗan tana neman kifi ido rufe. Da suka fara buga waya tun suna kan ruwa suna tambayar farashi, asarar kifin ta kusan ƙarewa baki ɗaya, ribar masunta ta ƙaru da kimanin kashi 8 cikin 100, farashi ga mai saye kuma ya sauka da kimanin kashi 4. Babu bidiyo a ciki, babu Facebook, kira ne kawai ke shiga.

Idan jirgi ya wuce iyakar da ƙarfen sabis ke hangowa kuwa, sai a koma sama. Kafin mu kai ga taurarin ɗan Adam, ya kamata mu ɗan tsaya a kan wani dare guda, domin kusan dukkan dokokin sadarwar teku daga gare shi suka samo asali. A daren 14 ga Afrilu, 1912, jirgin Titanic ya yi karo da dutsen ƙanƙara da misalin ƙarfe 11:40, ya nutse da ƙarfe 2:20 na tsakar dare, mutum sama da 1,500 suka halaka. Jirgin yana da na'urar aika saƙo ta kamfanin Marconi, mafi inganci a zamaninta, kuma ma'aikatanta sun yi ta kiran agaji har wuta ta ɗauke. Akwai wani jirgi, Californian, a tsaye a nesan da bai kai mil 20 ba. Shi ma yana da na'ura. Amma ma'aikacinta ɗaya ne tal, kuma ya kashe ta ya kwanta 'yan mintoci kafin hatsarin. Wanda ya ji kiran shi ne ma'aikacin jirgin Carpathia, wanda shi ma yana shirin kwanciya ne Allah Ya sa bai cire abin sauraro daga kunnensa ba. Carpathia yana nesa da kimanin mil 58, ya iso bayan Titanic ya riga ya nutse, ya tsamo mutum sama da 700 daga ƙananan jiragen ceto. Bayan wannan ne Amurka ta wajabta wa manyan jiragen fasinja sauraron rediyo dare da rana, aka kuma ƙulla yarjejeniyar kare rayuka a teku ta farko a 1914. Ina roƙon mai karatu ya riƙe labarin jirgin Californian a ransa, domin za mu buƙace shi idan mun dawo gida.

Shekaru da dama bayan haka rediyo ne kaɗai abin dogaro. A 1979 Hukumar Kula da Sufurin Teku ta Duniya ta jagoranci kafa Inmarsat, ƙungiyar da aka ɗora wa alhakin sadar da jirage ta tauraron ɗan Adam. Irin waɗannan taurari suna zaune ne a nisan kilomita 35,786 sama da tsakiyar duniya, inda saurin kewayawarsu ya yi daidai da juyawar ƙasa, don haka ga mai kallo daga ƙasa kamar an kafe su da ƙusa suke. Namu na Nijeriya, NigComSat-1R, wanda aka harba a Disamban 2011, yana cikin wannan sahu. Amfanin tsayuwar a fili yake: ka saita farantinka sau ɗaya, ka ɗaure, ka manta da shi. Duk wanda ya taɓa sa a ɗora masa farantin talabijin a gida ya san yadda ake yi. Mai gyara yana kan rufi yana murɗawa a hankali, yaro yana ɗaki yana ƙwala ihu, "Ya kawo! Ya ɗauke! Koma baya kaɗan!" Karkacewar da ba ta fi kaurin yatsa ba ta isa ta ɗauke hoto.

To, a ɗauki wannan rufin a ɗora shi a kan igiyar ruwa. Jirgi yana karkata hagu da dama, yana sunkuyar da goshi yana ɗagowa, yana juya hanci, yana hawa yana sauka, duk a lokaci guda, ga shi kuma yana ci gaba da tafiya. Mai gyaran da zai riƙe faranti a kan tauraro a wannan hali ba a haife shi ba tukuna. Abin da injiniyoyi suka yi shi ne suka ɗora farantin a kan wata kujera mai gaɓoɓi uku da ƙananan injuna, suka haɗa ta da na'urorin da ke jin kowane motsi na jirgin, ta yadda idan jirgi ya karkata dama, kujerar za ta karkata hagu daidai gwargwado a cikin ƙiftawar ido. Sai suka rufe duka da farar ƙubba don kare shi daga iska da gishiri. Waɗannan su ne fararen ƙwallayen da ake gani a saman manyan jirage a tashar Apapa. Fasaha ce mai ban sha'awa, amma tana da nauyi, tana da tsada, kuma duk abin da ke motsi yana lalacewa. Idan jirgi ya juya har bututun hayaƙinsa ya shiga tsakanin ƙubbar da tauraron, sadarwa ta yanke, shi ya sa manyan jirage ke ɗora biyu, ɗaya a kowane gefe. Ruwan sama mai ƙarfi, irin namu na watan Agusta, yana raunana saƙon. Ga kuma jinkirin da babu mai iya maganinsa. Tambayarka sai ta hau ta sauka, amsarta ma ta hau ta sauka, tafiyar sama da kilomita 140,000. Ko da gudun haske, sai an ci kusan rabin daƙiƙa, a aikace ma fiye da haka. Shi ya sa masu hira ta irin wannan layi suke yawan katse juna, kowa yana zaton ɗan'uwansa ya yi shiru.

Mafita ita ce a sauko da tauraron kusa. Kamfanin Iridium ya fara wannan tun ƙarshen shekarun 1990, da taurari 66 a nisan kimanin kilomita 780, waɗanda ke rufe duniya duka har da ƙuryoyin arewa da kudu inda tsayayyun taurarin ba sa kaiwa. Sai dai abin da yake iya ɗauka kaɗan ne, ya fi dacewa da kira da gajeren saƙo. Wanda ya girgiza kasuwar shi ne Starlink na kamfanin SpaceX, mai dubban taurari a nisan kimanin kilomita 550. A wannan nisa jinkirin ya zama ɗan ƙanƙani, amma an sayi wata sabuwar matsala. Tauraron da ke kusa haka ba ya tsayuwa. Yana gudun kimanin kilomita 27,000 a sa'a, yana kewaya duniya cikin kusan sa'a ɗaya da rabi, kuma 'yan mintoci kawai yake yi a sararin da kake iya gani kafin ya faɗa bayan ƙasa. Yanzu ke nan jirgi yana motsi, abin da yake nema ma yana motsi, kuma dole a riƙa sakin wannan ana kama wancan ba tare da mai magana ya ji an canza hannu ba.

Yadda aka warware wannan shi ne abin da ya fi burge ni a cikin labarin duka. Farantin Starlink ba kwano ba ne, allo ne shimfiɗaɗɗe mai ɗauke da ɗaruruwan ƙananan eriyoyi, har sama da dubu a samfurin farko. Ka ƙaddara yara ashirin sun jeru a bakin tafki, kowa da tsakuwa a hannu. Idan suka jefa a tare, igiyar da za ta tashi miƙe za ta tafi gaba. Idan kuwa na farko ya jefa, na biyu ya ɗan jinkirta, na uku ya ƙara jinkiri, haka har na ƙarshe, igiyar za ta tafi a karkace, ba tare da ko yaro ɗaya ya gusa daga inda yake tsaye ba. Haka kwamfutar da ke cikin allon ke yi wa eriyoyin. Tana canza jinkirin kowace sau da yawa a cikin daƙiƙa guda, saƙon ya nufi duk inda ake so, babu inji, babu kujera, babu ƙubba. A tsakiyar teku kuma, inda babu tashar ƙasa a kusa, taurarin suna miƙa wa juna saƙo ta hasken leza har ya isa wanda ke hango tudu.

Da kamfanin ya buɗe hidimar jiragen ruwa a Yulin 2022, kuɗin kayan aiki dala 10,000 ne, kuɗin wata kuma dala 5,000. Mu abin dariya ne, amma masu manyan jirage gani suka yi an yi musu araha. Kamfanin jiragen shaƙatawa na Royal Caribbean ya sanar da rungumarsa a watan da ya biyo baya, Maersk kuma ya ƙulla yarjejeniyar ɗora shi a jiragensa na dakon kaya sama da 330 a 2023. A cikin shekarar ne aka fito da ƙaramin tsari na dala 250 a wata. A watan Janairun shekarar dai Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a Afirka da Starlink ya fara aiki a cikinta.

Duk da haka, babu matuƙin kirki da ke rataya rayuwar jirginsa a kan igiya ɗaya. Abin da ake kira intanet marar yankewa a jirgi, a gaskiya yankewa ce da aka ɓoye. Ana haɗa hanyoyi uku ko huɗu a cikin akwati guda mai rarraba intanet: layukan kamfanonin waya biyu don bakin gaɓa, tauraro na kusa don tsakiyar ruwa, tsohon tauraro na nesa a matsayin ko-ta-kwana. Akwatin yana auna lafiyar kowace hanya a kai a kai, idan wannan ta fara tangaɗi ya mayar da kaya kan waccan kafin ta faɗi. A bayan duk wannan kuma akwai batir, domin mafi yawan yankewar da ake ɗora wa sararin samaniya daga janareta take farawa. Sa'annan kiran neman agaji yana da tsarinsa daban, wanda ya zama wajibi ga manyan jirage tun 1 ga Fabrairu, 1999, kuma ba a gauraya shi da layin da ma'aikata ke kallon ƙwallo.

Na ambaci ma'aikata, kuma hakkinsu ne a ɗan tsaya a kansu. Sama da kashi 80 cikin 100 na kayan cinikin duniya ta ruwa suke tafiya, a hannun mutum kusan miliyan biyu waɗanda kan shafe watanni ba su ga iyalinsu ba. A lokacin annobar korona a 2020, kimanin 400,000 daga cikinsu sun maƙale a jirage bayan wa'adinsu ya ƙare, ƙasashe da dama sun hana su sauka. A shekarar ce kuma, daga cikin ma'aikatan jirgi 135 da aka yi garkuwa da su a duniya, 130 a mashigin tekun Gini aka ɗauke su, wato a ƙofar gidanmu. Mutumin da ke cikin wannan hali, jin muryar ɗansa ba shagali ba ne. A 2022 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi wa yarjejeniyar ma'aikatan teku gyara, ta sa samar musu da intanet gwargwadon hali cikin abubuwan da ake nema daga masu jirage, gyaran kuma ya fara aiki a Disamban 2024.

Abin da ke damuna da wannan sabon zamani shi ne yadda sadarwar teku ke taruwa a hannun kamfani guda, na mutum guda, wanda zai iya canza farashi ko ya rufe yanki da safe ɗaya. Inmarsat da aka kafa da yarjejeniyar gwamnatoci ma tuni ya zama kamfani, kuma Viasat na Amurka ya saye shi a 2023. Wannan magana ce ta wani makon.

Yanzu mu dawo gida. A ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgin katako da ya taso daga jihar Neja ya tarwatse a kusa da Warra, cikin ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi, da mutum sama da 150 a ciki. Waɗanda aka ceto ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. A ƙarshen Nuwamban shekarar, jirgin da ya ɗauko 'yan makarantar Islamiyya daga Badau zuwa bikin Maulidi ya kife a madatsar ruwan Watari da ke Bagwai a jihar Kano, aka rasa rai kusan talatin, mafi yawansu yara. A Yunin 2023 mutum sama da 100 da ke dawowa daga ɗaurin aure suka halaka a yankin Patigi na jihar Kwara, cikin dare. Allah Ya jiƙansu da rahama. Sanadin waɗannan sananne ne: lodin da ya wuce kima, tsufan katako, tafiyar dare, rashin rigar kariya, da kututturan itatuwan da ruwa ya rufe tun lokacin da aka kammala madatsar Kainji a 1968. Intanet ba zai rage wa jirgi ko buhu ɗaya ba, kuma duk jami'in da ya zo mana da maganar sayo na'urori alhali bai hana lodin ganganci ba, yaudararmu yake yi.

Amma akwai abubuwa biyu da ke maimaituwa a kusan kowane labari, waɗanda kai tsaye na sadarwa ne. Na farko, labari yakan isa tudu ne a makare, sau da yawa daga bakin wanda ya iya iyo ya fita, ko masuncin da ya ci karo da abin. Kafin 'yan Sarkin Ruwa su tura kwale-kwale, aikin ya tashi daga ceto ya koma neman gawa. Na biyu, babu wanda ke iya faɗin adadin waɗanda ke cikin jirgin. Hukuma ta faɗi nata, mai gari ya faɗi nasa, jarida ta raba tsakani, iyalai kuma su kwana bakwai a bakin ruwa ba su san ko su yi zaman makoki ko su ci gaba da jira ba.

A ganina kwale-kwalen fito bai buƙatar abin da jirgin Maersk ke buƙata. Tafkin Kainji tsawonsa kimanin kilomita 135 ne, faɗinsa a inda ya fi buɗewa ya ɗan haura kilomita 20. Idan muka koma ga lissafin da muka yi a sama, babu wani wuri a kan tafkin da ya fi ƙarfin ƙarfen sabis mai matsakaicin tsawo, muddin an kafa shi kusa da gaɓa aka kuma juya eriya ɗaya ta fuskanci ruwa. Kamfanoni ba za su yi haka da kansu ba, don kifi ba ya sayen data. Amma dokar sadarwa ta 2003 ta kafa asusu na musamman a ƙarƙashin hukumar NCC domin kai sadarwa wuraren da riba ba za ta kai ta ba. Ban ga wurin da ya fi cancantar wannan kuɗi kamar hanyar ruwan da dubban mutane ke bi kowace ranar kasuwa ba, musamman yanzu da matsalar 'yan bindiga ta sa mutane da yawa suka bar titi suka koma ruwa.

Wayar hannu kaɗai ba ta isa ba, domin tana kiran mutum ɗaya ne, wanda wataƙila yana barci ko wayarsa ba caji. Kuma mun ga yadda aka rufe layukan sadarwa a jihar Zamfara a Satumban 2021 saboda dalilan tsaro, abin da zai iya faruwa a kowane yanki. Rediyon oba-oba na jiragen ruwa ba shi da waɗannan matsaloli. Ba ya buƙatar kati ko ƙarfen sabis, akwai masu jure jiƙa, kuma idan matuƙi ya yi kira a tasha ta 16, wadda duniya ta keɓe don neman agaji, duk jirgin da ke kusa zai ji a lokaci guda. A kan ruwa kuwa na kusa shi ne mai ceto. Shi kuma farantin tauraro, wurinsa shi ne mashigar jirage da jirgin sintiri: guda ɗaya a Yauri, guda a Warra, guda a Malale, da sola da batir, inda za a ɗauki hoton takardar sunayen fasinjoji a aika kafin a kwance igiya, a kuma karɓi hasashen yanayi daga NiMet a sanar da matuƙa da Hausa da Nupanci da sauran harsunan bakin kogi. A tafkin Biktoriya na Gabashin Afirka, inda guguwar dare ke kashe masunta da yawa, Hukumar Yanayi ta Duniya ta gudanar da shiri irin wannan daga 2017, inda ake isar da gargaɗi ta rediyo da waya da tutoci a mashigar jirage, kuma masunta sun karɓe shi.

Nan ne labarin jirgin Californian ke dawowa. Sayen na'ura shi ne ɓangare mafi sauƙi, kuma shi ne wanda gwamnatocinmu suka fi so, saboda ana ƙaddamar da shi a ɗauki hoto. Mai wuya shi ne mutumin da zai zauna kusa da rediyon ƙarfe biyu na dare a watan Satumba, a farke, da jirgi mai mai a tanki a ɗaure a gabansa. Hukumar NIWA da ke Lakwaja ta haramta tafiyar dare, amma kowa ya san ana yi, kuma ba ta da ma'aikatan da za su tsare kowace mashiga daga Yauri zuwa Lakwaja. Waɗanda ke kwana a bakin ruwa dama su ne Sarkawa da Gungawa da Nupawa masu fito, ƙarƙashin Sarakunan Ruwa da ƙungiyoyin matuƙa, kuma su ne ke nutso su ciro gawa kyauta duk ranar da abu ya faru. Shawarata ga gwamnatocin Kebbi da Neja da Kwara ita ce a ɗauki mutum uku daga cikinsu a kowace babbar mashiga, a koya musu aiki da rediyo, a raba musu dare da rana kashi uku, a sa albashinsu da kuɗin man jirgin ceto cikin kasafin ƙaramar hukuma da sunan mashigar ƙarara, yadda duk ɗan majalisa ko ɗan jaridar da ya buɗe kundin zai iya ganin ko an biya na watan da ya wuce.